Olo Eliam da Murhun Tudun Tagili

Ƙarfe shida da rabi na safe, ruwan sama ya ɗauke amma gari bai washe ba. Kwalta na ta tururi, teku ta yi launin toka, babban jirgin baƙi kuma yana can yana lallaɓowa zuwa tashar Point Cruz. A irin wannan lokacin, in ka zo bakin tashar nan ta Honiara, mota ɗaya za ka tarar: wata farar bas mai kujera goma sha biyu, wadda tsatsa ta fara ci ta ƙasan ƙofa. Mai ita yana durƙushe a ciki da tsumma, yana goge kujeru ɗaya bayan ɗaya, har da ta can baya wadda ba a zauna a kanta ba tun bara. Sunansa Eliam Kurilau. Mu dai Olo muke ce masa, kamar yadda ake kiran kowane dattijo a nan, amma in aka ce Olo kawai a tashar nan, kowa ya san wanda ake nufi.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana kai baƙi wuraren da Amurkawa da Japanawa suka gwabza a tsibirinmu, zamanin babban yaƙin duniya na biyu. Baƙin nan wuni ɗaya gare su. Su sauko ƙarfe takwas, ƙarfe biyar jirgi ya yi musu kuka su koma. To sai su bi layin allunan masu motoci suna karantawa, suna shawara da matansu: wannan yana zuwa ina da ina, wancan akwai abincin rana ko babu, wace mota ce ke da na'urar sanyi. Cikin minti ashirin an gama zaɓe. Wanda aka zaɓa ya ci abinci ranar. Wanda aka bari kuwa sai ya naɗe allonsa.

Jirage bakwai sun zo a bana sun tafi, ba mutum ɗaya da ya shiga motar Olo. Na yau shi ne na takwas, kuma na ƙarshe sai baɗi. Akwai wani mai jigilar busasshiyar kwakwa a Tenaru da ya daɗe yana son motar. Olo ya ce masa in yau ma ta wuni a tsaye, ya zo da la'asar ya karɓi makulli.

Kafin in faɗi yadda aka yi aka kai nan, bari in faɗi irin mutumin da ake shirin rasawa.

Olo ba ya kiran baƙi da ihu. In mutum ya tsaya gaban allonsa, tambaya ɗaya yake fara yi masa: "Wa ka zo nema?" Da yawa sai su yi dariya su ce kallo kawai suka zo. Wasu kuwa sai ka ga sun laluba aljihu sun fito da tsohon hoto. Yawancin abin da ya sani ba a littafi ya samo shi ba. Babansa ɗan dako ne a lokacin yaƙin, cikin samarin ƙauyuka da suka riƙa ɗaukar akwatunan harsashi a ka suna hawa tuddai da su. Sauran kuma daga bakin tsofaffin sojojin ya ji, lokacin da suke da ƙafar dawowa, su tsaya cikin ciyawa suna nuna masa da sanda suna kuka.

Masu sayar da kwakwa a tashar suna ba da labarin ranar da wani baƙo ya tsinci gorar ruwan soja a cikin daji, da wani ɗan guntun ƙashi, ya tura a jaka. Olo bai ɗaga murya ba. Da aka shiga mota sai ya ƙi tayar da ita, ya zare makulli ya ɗora a cinya. Rana na duka, mutum goma na zufa. Baƙon ya ce ya biya kuɗinsa. Olo ya ce, "Kuɗin mota ka biya, bos. Wancan kuwa ɗan wani ne." Minti arba'in aka yi a haka kafin mutumin ya sauka ya mayar.

Kuma akwai wani wuri a bakin kogin Lungga da yake tsayawa kullum, wanda ba ya cikin allon kowa. Ba dutsen tunawa, ba tuta, ciyawa ce kawai da bishiyar gwanda. Nan aka binne 'yan dako tara, mutanenmu. Sai ya sauka ya cire hula ya kira sunayensu, tara cif. Baƙi su riƙa duba agogo. Bai taɓa fasawa ba.

Clement ɗan ƙanwarsa ne. Olo ne ya koya masa tuƙi, ya koya masa hanyoyin, ya koya masa inda ake tsayawa a gaida masu ƙasa kafin a taka musu gona. Clement yaro ne mai kai, ba wanda zai hana shi wannan. Ya buɗe nasa, ya yi motoci uku masu sanyi, ya buga takardu masu hoto. Bara kuma ya zo da dabarar da ta kwashe baƙi kaf: abincin rana a saman Tudun Tagili, inda aka yi ɗauki-ba-daɗi mafi muni a wannan ɓangaren. Ba abincin kwali ba, motu na gaske: a hura wuta a kan duwatsu har su yi ja, a jera kifi da gwaza da dankali da ƙullin rogo cikin ganyen ayaba, a rufe, a buɗe a gaban baƙi tururi na tashi. Ya ɗauki Anti Rosina, wata bazawara daga ƙauyen danginsu da ke gindin tudun, ita da mata huɗu, su riƙa dafawa. Ƙauyen ma ana ba su nasu na masu ƙasa. Kowa ya ji daɗi.

Olo bai hau tudun ba a makonnin farko, ƙafa ta dame shi. Ranar da ya hau da baƙi biyu ya ga toka, sai ya tsaya cak. Da yamma ya sami Clement a gindin bishiyar tashar yana tauna goron bitil da direbobinsa.

"Clement, wurin nan da ka sa murhu, wa ya nuna maka?"

"Ido ya nuna min, Kawu. Wuri a baje, ga inuwa, ga teku kana hangowa, ga duwatsu ma a jere a zagaye kamar an san za mu zo."

"An jera su ne don bindiga. Ka taɓa ganin tudu ya baje kansa da kansa? Ramin babbar bindiga ne. Kakanka ya kai akwatuna wurin da wuyansa. Ya ce ranar da sojoji za su sauka, kaya sun fi ƙarfin 'yan dako, aka ce a tura saura cikin ramin a rufe da ƙasa."

"Sau uku muka hura wuta a wurin. Ba ga ni ba, da ƙafafuna biyu?"

"Sau uku ƙasa ta yi muku haƙuri."

"Haba Kawu, shekara tamanin fa! Ko ƙarfen jirgi ne ai ya zama gari."

"Matsa da shi taku talatin kawai, kan falalen dutsen nan. Ni zan kwashe duwatsun da hannuna."

"A can ba a ganin teku sosai. Baƙi hoto suke so." Clement ya tofar da jan yawu, ya dubi direbobinsa, sannan ya faɗi abin da bai kamata ɗan 'yar'uwa ya faɗa wa kawunsa ba. "Ko dai motocina uku ne suke tsone maka ido?"

Washegari Olo ya tafi ƙauyen ya sami Anti Rosina tana goga rogo a ƙofar ɗaki.

"Rosina, ke ce kike durƙusa a kan wutar nan. Ke na fi ji."

"Yaya Eliam, tun muna yara muke gasa dankali a tudun nan. Yau da abin ya zama abinci ne ka tuna da bam?"

"Ba a ramin kuke gasawa ba. Kin manta Patteson? Ciyawar gona kawai ya ƙona. Je ki gaishe shi, ki ga da wane hannu zai gaishe ki."

"Wannan tasa ce ta zo." Ba ta ɗago kai ba. "Marayu huɗu gare ni. Tun da mijina ya mutu ban ga wanda ya zo ya tambayi me muka ci ba. Ka bar ni, don Allah."

Ya je wurin mai garin, Cif Mostyn. Shi kuma ya saurare shi da kyau, ya ba shi kwakwa ya sha, ya ce magana ce babba, za a duba ta in jirage sun ƙare. Saura wata biyu ke nan. Jirgi na gaba kuwa ranar Alhamis.

Duk wanda ya tashi a nan ya san ba a kai ɗan'uwa wurin hukuma. Ka yi faɗa da shi, ka daina gaishe shi, ka kai shi gaban dattawa ko gaban limamin coci, duk an yarda. Amma ka taka ofishin 'yan sanda a kan ƙasar danginka, wannan ka fita daga cikin mutane. Olo ya san haka fiye da kowa. Ranar Talata da safe ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya tafi wurin 'yan sandan da ke kwance bam.

Ba su yi nisa da haƙa ba. Kamu biyu a ƙarƙashin murhun, suka tarar da ƙwanson harsashin babbar bindiga goma sha tara a kwance cikin ruɓaɓɓun akwatuna, kowanne da albarushinsa a ciki. Ƙasar da ke kansu ta gasu ta yi ja kamar tubali. Wanda ya jagoranci aikin ya ɓantaro ta ya nuna wa Cif Mostyn. Waɗanda ba sa ɗaukuwa a nan aka fasa su, ƙarar ta kai har kasuwar Honiara, tantabaru suka tashi. Sannan aka zagaye tudun da jan kirtani aka ce ba mai hawa sai an bincike shi duka. Mako bakwai aka yi. Jirage huɗu suka zo suka tafi. Matan Rosina suka zauna a gida. Clement ya ajiye mota ɗaya.

Ga inda abin yake da ɗaci. Ba wanda ya mutu. Da wutar ta huɗu ta tashi da Rosina da baƙi goma, da yau ana kiran Olo mai hangen nesa, ana cewa ai ya faɗa. Amma ba ta tashi ba, don ba a hura ta ba. Mutane ba su ga gawa ba. Abin da suka gani shi ne tukunya babu komai mako bakwai, sun kuma san wanda ya jawo.

Ƙauye ya yi taro. Aka ɗaure ganye a sanda aka kafa a bakin hanyar tudun, alamar hani, aka ce ta Eliam Kurilau ce shi kaɗai. In yana son a cire, ya kawo alade da igiyar jan wuri, kuɗin gargajiya irin na sulhu, ya tsaya a gaban jama'a ya ce ya yi kuskure. Ya sayar da injin ƙaramin kwalekwalensa ya sayi aladen. Igiyar wurin kuwa ta auren mahaifiyarsa ce. Ya kai, ya tsaya a tsakar ƙauye da hula a hannu.

"Na ɓata muku rai, na hana ku abinci, ku yafe ni. Wannan na faɗa da zuciya ɗaya. Amma ba zan ce kuskure na yi ba. In na faɗa, gobe wani zai ga wani wuri a baje ya hura wuta."

"Ashe ba sulhu ka zo yi ba, wa'azi ka zo yi," in ji wani daga baya.

Aka mayar masa da aladen, a ɗaure, aka ajiye shi a bakin titi cikin rana. Ganyen kuma yana nan har yau. In ya bushe a sake sabo.

Da aka buɗe tudun, Clement ya buga sabuwar takarda: an bincika, ba haɗari. Ramin da aka haƙo ƙwanson nan ya zama wurin tsayawa, direbobi suna nuna wa baƙi suna cewa, "Mu muka gano su." Baƙi su riƙe baki, su ɗauki hoto. Murhun Anti Rosina kuma yanzu yana kan falalen dutse, taku talatin daga ramin. Ashe ana ganin teku daga can.

Shi kuwa Olo, duk baƙon da ya tsaya gaban allonsa, tambayar farko ita ce, "Kana zuwa Tagili?" Sai ya ce a'a. Sai su ce sun gode, su matsa gaba.

To yau, ƙarfe takwas saura, motocin Clement suka iso suka jeru a gabansa. Festus, babban direbansu, ya leƙo ta taga.

"Olo, an tashi lafiya? Yau bam nawa za ka haƙo mana?"

"Lafiya lau, Festus. Ya yara?"

"Ku yi a hankali kusa da tayarsa," in ji wani direban, "in ta fashe sai ya kira mana 'yan sanda."

Aka kwashe da dariya. Olo ya ci gaba da gyara ƙafar allonsa.

Baƙi suka fara saukowa, aka shiga kira da ɗaga takardu. Sai ga wata tsohuwar Ba'amurkiya da sandar ƙarfe, 'yarta na riƙe da hannunta. Ba ta dubi allon kowa ba. Tana tafe tana tambaya, "Eliam? Ina Eliam?" Aka nuna mata. Ta ce sunanta Lorraine. Ta ce wani abokin mahaifinta ya zo nan shekara ashirin da suka wuce, kafin ya mutu ya ce mata in Allah ya kai ta, kada ta shiga motar kowa sai ta Eliam. Su shida ne, da jikoki, suna baya suna zuwa. Mutum shida, rabin mota.

"Wa kika zo nema, Mama?"

Ta fito da wata wasiƙa cikin leda. Mahaifinta ne ya rubuta, tana ciki ba a haife ta ba. Bai dawo ba. Olo ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Ya ga lambar rundunar, ya ga kwanan watan, ya ga inda mutumin ya ce suna kwance a gefen tudu, ƙorama a hannun hagu, rana na faɗuwa a idonsu. Ya san wurin kamar tafin hannunsa. Gefen yamma na Tagili ne.

Akwai wani tudu kusa da shi wanda ba a hana Olo hawa ba. Ciyawa iri ɗaya, ƙorama ma akwai. Da ya kai ta can ya nuna mata wani lotsattsen wuri ya ce nan ne, za ta durƙusa ta yi kukanta ta koma gida da sanyin zuciya, ba kuma wanda zai taɓa gaya mata. Ana yi a tashar nan. Duk mun san ana yi. Olo ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya mayar da ita cikin ledar ya miƙa mata da hannu biyu.

"Mama, na san inda babanki ya kwanta. Amma ni ba ni da izinin taka wurin."

"Me ya sa?"

"Maganar gida ce. Ga motar ɗan ƙanwata can, su suna hawa."

"Amma kai aka ce min."

"Ni aka ce miki, amma ba ni kika zo gani ba. Wuni ɗaya gare ki. Kada ki ɓata shi a kaina."

'Yar ta dubi agogo, ta dubi mota mai sanyi, ta ja hannun uwar. Suka juya.

Olo Eliam, kai ne ka sa rigar coci ka tafi inda ba a zuwa, ka san abin da zai biyo baya. Kai ne mai kiran sunayen mutum tara da ba wanda ya kafa musu dutse. Yau yaran Rosina huɗu suna da uwa, ko da uwar ba ta gaishe ka a kasuwa. Akwai baƙi goma a wata ƙasa da suke zaune cikin jikokinsu, ba su san sunanka ba, ba su ma san an taɓa ajiye musu mutuwa a ƙarƙashin kwanon abinci ba. Ba a ba ka takardar yabo ba. Mu da muke tashar nan mun ji ana yi maka dariya, wasunmu sun taya, wasunmu sun sunkuyar da kai, ba wanda ya buɗe baki. Wannan kunyar tamu ce. Mun gode, Olo, ko da godiyar ta zo a makare, ba kuma za ta sa mai a mota ba. Ku kuma samari masu sababbin motoci, tsohon nan yana raye, gidansa ba ɓoyayye ba ne. Ku je ku zauna ku tambaye shi inda ake takawa da inda ba a hura wuta, tun bakinsa yana magana. In kuma wata rana gaskiya ta zo muku da irin wannan tsadar, ku tuna an taɓa yin wanda ya saya.

Ana cikin shigar da baƙi, Olo ya tsinci wani yagaggen kwalin taliya a ƙasa, ya ɗora a kan murfin motarsa, ya zaro biro. Ya zana tudun, ya zana ƙoramar, ya ja layi ta bayan gonar rogo inda hawan ba shi da tsauri, ya sa alama a gefen yamma. Ya taka zuwa tagar Festus.

"Tsohuwar nan mai sanda, sa ta a gaba, baya akwai jijjiga. Kada ka bi da ita ta hanyar da kuka saba, an yi ruwa, akwai santsi. Bi nan. In kun wuce bishiyar da tsawa ta raba biyu, ƙirga taku sittin zuwa ƙasa, za ka ga ramuka uku a jere sun cike da ciyawa. Nan rundunar babanta ta kwana. Ka bar ta ita kaɗai ko minti goma ne, kada ka yi mata surutu."

Festus ya karɓi kwalin bai dube shi ba, ya cusa shi a gaban sitiyari. Ya leƙa ta ɗaya tagar ya ƙwala kira, "Saura mutum biyu! Tagili, da abincin rana!" Mutum biyu suka shiga, aka ja ƙofa, ya tayar da mota.